Idan Kin Ɓata Da Aminiyarki

  

Yau za mu taɓo wani ciwo ne wanda ba a zuwa dubiyarsa. Idan mace ta yi rashi, ana shimfiɗa tabarmi a zo mata gaisuwa. Idan aurenta ya mutu, iyaye da dangi sukan taru su ba ta baki. Amma idan ta ɓata da aminiyarta, wadda suka yi shekara 10 ko 20 suna cin tuwo a kwano ɗaya, wadda ta riƙe ta ranar naƙuda, ta zauna mata a jego, ta san abin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba, to ba mai ce mata sannu. In ma ta gaya wa maigida, abin da zai ce bai wuce, "To mene ne a ciki? Sha'aninku ne na mata." Sai ta haɗiye abinta, ta riƙa kwana tana juyi, tana tuna abin da aka faɗa mata da abin da ya kamata a ce ta mayar.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, ƙawance yana iya ƙarewa, kuma ƙarewarsa ba zunubi ba ce. Abin da ba ya ƙarewa shi ne haƙƙin Musulunci da ke tsakaninki da ita. Mace in ta raba waɗannan abubuwa biyu, ta san wanda za ta saki da wanda za ta riƙe, da yardar Allah zuciyarta za ta samu sauƙi, kuma ba za ta haɗa asarar ƙawa da asarar lada ba.

Dalilin da ya sa abin yake da zafi

Ƙawance a ƙasar Hausa ba ƙaramin abu ba ne tun asali. Akwai wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau da ake kira Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Cikin abubuwan da ta bayyana har da yadda mata suke ƙulla ƙawance da musayar kyauta, da yadda ƙawa take tsaya wa ƙawarta a aure da suna, da yadda babbar mace takan ɗauki yarinya ta zama ƙanwar ranarta. Kin ga ke nan tun zamanin kakanninmu ƙawance alkawari ne mai ƙa'idoji, yana dab da dangantakar jini.

Mu kuma da muke zaune a ƙaramar hukumar Nassarawa da sauran unguwannin da ke kewaye da masana'antu, muna da ƙarin dalili. Kamfanonin Bompai, da na Sharaɗa da Chalawa da suka biyo baya, masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alewa, sun jawo magidanta daga garuruwa daban-daban. Suka kama haya a Dakata da Kawaji da Gama da Tudun Wada da Birget, wasu a Ja'en, wasu a Panshekara, suka ɗauko matansu daga Katsina ko Gumel ko Haɗeja ko Damagaram. Mace ta baro uwa da yayye a can. Maigida yana aikin dare, ita kuma ba ta fita sai da izini. To wa take da shi? Sai wannan maƙwabciya da ake miƙa wa gishiri ta kan katanga, ko wadda ɗakinta yake kallon nata a gidan haya. Ita ce uwa, ita ce yaya, ita ce mai raka ta awo, ita ce mai riƙe mata yara. Ranar da aka ce babu ita, kamar an toshe wa ɗaki taga ne.

Saboda haka kada ki ga laifin kanki don abin ya tsaya miki a rai. A shekarar 2003 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka sun sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, suna cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sai aka daina jefa musu ƙwallon da gangan, aka mayar da su saniyar ware. Abin da aka gani shi ne, wani sashe na ƙwaƙwalwa da yakan motsa idan jiki ya ji ciwo, shi ne ya motsa a lokacin. Wato in kin ce ƙirjinki yana miki zafi, ba raki ba ne, haka Allah ya halicci ɗan Adam.

Abubuwan da ke raba ƙawaye

Kafin a nemi magani sai an san cuta. Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne kuɗi. Kin san al'adar biki: ta kawo miki dubu 2 a sunanki, ke ki kai mata dubu 4 a nata, a yi ta ninkawa. Ga anko, ga gudummawa, ga adashi. Duk wannan yana tafiya daidai ne muddin hannuwan biyu suna da ƙarfi. Amma tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da shigowar yadi mai araha daga waje, kamfanoni da dama sun rufe ko sun rage ma'aikata. Mijin wata ya koma acaɓa, aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a watan Janairun 2013, ya koma neman A Daidaita Sahu. Mijin ɗayar kuma Allah ya buɗa masa a Kantin Kwari ko Singa, suka gina nasu suka tashi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kowa ya san yadda farashin kwanon masara da na shinkafa ya tashi. Sai ki ga mai ƙaramin ƙarfi ta fara janye jiki don kunyar zuwa biki hannu rabbana, ɗayar ta ɗauka hassada ce. Ita kuma mai halin hidima ta yi mata yawa ta rage aike, ɗayar ta ɗauka wulaƙanci ne. A irin wannan sau da yawa ba wadda ta ci amanar wata, zato ne kawai ya shiga tsakani.

Na biyu shi ne kai-kawo. Macen da take cikin gida, labarin waje ta bakin wasu yake iso mata: yaran aike, dillaliya, mai kitso, mai ƙunshi. Magana kuwa in ta bi ta baki uku, ta sauya kama. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 abin ya ƙara sauri, yanzu kuma ga WhatsApp, inda za a tura miki muryar ƙawarki an yanke farkonta da ƙarshenta, ko ki ga ta ɗora wani karin magana ki ce da ke take. A Suratul Hujurat, aya ta 6, Allah ya umarce mu da mu yi bincike idan wanda ba a yarda da gaskiyarsa ba ya kawo mana labari, don kada mu cuci mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. A aya ta 12 kuma ya hana mu yawan zato da bin diddigi da cin naman juna. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: da kunnenki kika ji, ko cewa aka yi an ce?

Na uku shi ne cin amana na gaske. Ta tona miki asiri a gidan biki, ko ta kwashi adashi ta daina zubi, ko ta haɗa ki da dangin miji, ko kuma wadda kike gaya wa sirrin ɗakinki ki wayi gari ita ce amaryar gidan. Wannan yana faruwa, kuma ba za mu ce miki ba komai ba ne.

Na huɗu, wani lokacin ba abin da ya faru, kwanan ƙawancen ne ya ƙare. A wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, wanda aka bayyana a 2009, an sake komawa wurin mutane bayan shekara 7, aka tarar kusan rabin waɗanda suke hulɗa da su a da sun fita daga rayuwarsu, wasu sun maye gurbinsu. Tashi daga unguwa, sabon aure, yawan 'ya'ya, duk suna raba mutane ba tare da faɗa ba.

Abin da addininmu ya tanada

Da farko addini bai hana ki baƙin ciki ba. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusuf har idanunsa suka yi fari, amma Suratu Yusuf ta nuna mana cewa wurin Allah ya kai kukansa. Uwar muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, lokacin da aka yi mata ƙazafi a Madina, ta yi kuka dare da rana har ta zaci hantarta za ta tsage. Kuka ba rashin tawakkali ba ne. Abin dubawa shi ne me bakinki yake faɗa a lokacin kukan, kuma wa kike gaya wa.

Sannan addini ya ba ki kwana 3. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana 3 ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ki lura da rahamar da ke ciki. Ba a ce ki tashi nan take kina dariya ba, an san zuciya tana bukatar ta huce. Amma an sa iyaka, domin gaba in ta kwana da yawa sai ta yi saiwa. Muslim ya kuma ruwaito cewa ana bijiro da ayyukan bayi ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda bai yi shirka ba, ban da mutum biyu masu gaba, su sai a jinkirta musu har su shirya. 'Yar uwa, ke da kike azumin Litinin da Alhamis ɗin, wannan magana ta isa ta hana ki barci fiye da abin da ƙawar ta yi miki.

To a nan ne mata da yawa suke rikicewa. Sai mace ta ce, "Ke nan dole in koma mata kamar da, in ci gaba da ba ta sirrina bayan abin da ta yi mini?" A'a, ba haka ba ne. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantar da mu a Islamiyya, an bayyana cewa sallama tana fitar da mutum daga gaba, sai dai bai kamata ya daina yi masa magana bayan sallamar ba. Babban malamin nan na mazhabar Malikiyya, Ibn Abdul Barri na Andalus, shi ma ya bayyana cewa in cuɗanya da mutum za ta ɓata maka addini ko ta jawo maka cuta a rayuwarka, an yarda ka nisance shi cikin mutunci. Har ila yau ga abin da ya faru da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Da ya musulunta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncinsa, bai rama ba, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gabansa, saboda ganinsa yana tayar masa da ciwon rashin baffansa.

Kin ga ashe yafiya daban, kusanci daban. Anko da hira da aron sarƙa da sirrin ɗaki, waɗannan kyautar ƙawance ce, kina da ikon ki janye su. Sallama da amsa ta, da dubiya, da gaisuwar mutuwa, da haƙƙin maƙwabtaka, da kare mutuncinta, waɗannan na Allah ne, ba naki ba ne balle ki hana.

Abubuwa biyar da za ki riƙe

Na ɗaya, sirrinta. Duk abin da ta gaya miki lokacin kuna dasawa amana ce, kuma amana ba ta tashi don an ɓata. Ko da ita ta tona naki, ke kada ki tona nata. Cikin alamomin munafunci da Annabi ya lissafa akwai cin amana da kuma wuce iyaka a lokacin husuma. Hotunanta da saƙonnin muryarta da ke wayarki, ki goge su, kada shaiɗan ya ba ki shawara ranar da ranki ya ɓaci.

Na biyu, bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi ne yake hana rauni warkewa. In akwai bikinta a kanki, ko zubin adashi, ko tukunya ko zane da kika ara, ki mayar, ko da kaɗan-kaɗan ne. In ita ce da naki, kada ki aika yara su je su yi mata terere a ƙofar gida. Ki nemi uwar adashi ko wata dattijuwa da kuke jin nauyinta ku biyu. In kuɗin da yawa, maza su shiga, ko a je wurin mai unguwa, ko ofishin Hisba, inda ake yin sulhu a kan irin wannan. In kuwa kin san ba ta da shi, Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ya kuma nuna cewa barin bashin sadaka ya fi alheri.

Na uku, harshenki. Magana zarar bunu ce. Za a zo miki da "Wai me ya haɗa ku?", kuma ba duk mai tambaya ce mai son gyara ba, wata guzurin gaba take nema. Amsa ɗaya ta isa: "Ba komai, Allah ya kyauta." Ki bar habaici a tsakar gida, ki bar shi a waya. Ki dubi Nana A'isha. Mawaƙin Annabi, Hassanu ɗan Sabitu, yana cikin waɗanda bakinsu ya shiga maganar ƙazafin da aka yi mata, amma daga baya da ɗan 'yar uwarta Urwatu ya zage shi a gabanta sai ta hana shi, ta tuna masa cewa mutumin nan ya kasance yana kare Manzon Allah da waƙoƙinsa. Ba ta bar laifi ɗaya ya shafe alherin mutum gaba ɗaya ba. Ke ma ki tuna ranar da ƙawar nan ta kwana da ke a asibiti.

Na huɗu, yara. Tare suka tashi, makarantar allonsu ɗaya, wataƙila ma ɗiyarki sunanta ta ci. Kada ki ce musu, "Kada in sake ganin ƙafarku a gidan." Kada ki hana su gaishe ta. In kin shuka musu gaba, ku manya kuna iya shiryawa gobe, su kuma su riƙe ta har girmansu.

Na biyar, alherin da kika saba. Wannan shi ne mafi nauyi. Sayyidina Abubakar yana ciyar da wani ɗan uwansa matalauci mai suna Misɗahu, sai ga shi Misɗahu yana cikin masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa 'yarsa A'isha. Abubakar ya rantse ba zai sake ba shi komai ba. Sai Allah ya saukar da aya ta 22 a Suratun Nur, yana kiran masu falala da wadata da kada su yi irin wannan rantsuwa, su yi afuwa su kau da kai, yana kuma tambayarsu ko ba sa son Allah ya gafarta musu. Abubakar ya ce lallai yana so, ya mayar wa Misɗahu abin da yake ba shi. To in kin saba aika mata ƙosai da kunu da azumi, ko naman layya, ko kina biya wa marayanta kuɗin Islamiyya, kada ki yanke. Da ma in don Allah kike yi, ai Allah bai ɓata miki ba.

Wata za ta ce, "Ni da ba na fita, ina zan gan ta balle in yi mata sallama?" Hanya tana da yawa. Ki aika yaro ya ce kina gaishe ta. Ki tura saƙo a waya, ko da kalma uku ce. In an yi mata haihuwa ki aika barka, in an yi mata rasuwa ki nemi izinin maigida ki je. In ta amsa, alhamdu lillahi. In ta ƙi, kin fita, nauyin ya koma kanta, kuma ba sai kin yi ta naci har ki zubar da mutuncinki ba.

Idan kin riga kin rantse

Mu mata bakinmu yana da saurin rantsuwa in rai ya ɓaci: "Wallahi ni da ita har abada." Daga baya zuciya ta sauko, sai rantsuwar ta zama katanga. Wannan ma ya faru da wadda ta fi mu. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu, ɗan yayarta Asma'u, wanda take ƙauna ƙwarai, ya yi wata magana a kan yadda Nana A'isha take kyauta da dukiyarta, har ya ce zai hana ta. Da maganar ta iso mata, sai ta yi bakance ba za ta sake yi masa magana ba. Abin ya daɗe. Daga ƙarshe wasu mutum biyu, Miswaru ɗan Makhrama da Abdurrahman ɗan Aswad, suka shigo da shi wurinta, ya rungume ta yana kuka, su kuma suna tuna mata hanin da aka yi a kan gaba, har ta yi masa magana. Ta 'yanta bayi 40 saboda wannan bakance, kuma bayan haka in ta tuna shi takan yi kuka har mayafinta ya jiƙe.

Darasi biyu ne a nan. Rantsuwa ba ta zama hujjar dawwama a kan gaba, domin Annabi ya koyar da cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda ba shi da hali kuma ya yi azumin kwana 3. Ki tambayi malamarku ta yi miki bayanin ma'aunin. Darasi na biyu kuma na masu kallo ne. Ke da kike ganin aminai biyu sun ɓata, kada ki zama mai kai gishiri. Ki zama irin mutanen nan biyu da suka yi dabara suka haɗa su.

In kuma bayan kin natsu kin gane laifin naki ne, ko da rabi ne, to ki nemi afuwa tun kuna da rai. "Ki yafe ni" ba ta rage wa mace komai. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Jinyar zuciya

Bayan an sauke haƙƙi, saura raɗaɗin da ke ciki, shi kuma a hankali yake tafiya. Ki yi innalillahi kamar yadda ake yi a kowace musiba, domin wannan ma musiba ce. Ummu Salama, da mijinta Abu Salama ya rasu, ta yi addu'ar da Annabi ya koyar, ta neman lada a kan musiba da neman a musanya mata da mafi alheri, alhali tana ganin ba wanda zai kai Abu Salama. Sai Allah ya musanya mata da Manzon Allah kansa. Ki nemi a koya miki wannan addu'a, ki riƙe ta.

Ki yi wa ƙawar taki addu'ar alheri a sujada, da sunanta. Ranar farko bakinki zai yi nauyi, amma ki daure. Muslim ya ruwaito cewa mai yi wa ɗan uwansa addu'a a bayan idonsa, akwai mala'ika da yake cewa amin, yana kuma roƙa masa kwatankwacinta. Da wuya ki yi wata guda kina roƙa wa mutum alheri ƙiyayyarsa ta zauna daram a ranki.

Ki guji masu ce miki asiri aka yi aka raba ku, ko ita ce ta yi miki sammu, a zo a kai ki wurin mai duba. Daga nan sai a rasa kuɗi, a rasa imani, a kuma ƙara wa gaba wuta. Azkar na safe da yamma da karatun Alƙur'ani sun ishe ki tsari.

Kada kuma ki rufe kanki ki ce kin gama da mutane. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke kai ilimi ga mata har cikin ƙauyuka, mata suna haɗuwa a kan karatu da taimakon juna. Irin wannan zumunci yana nan a Islamiyyun matan aure na unguwanninmu, na safe da na dare. Ki nemi izini ki shiga. Suratuz Zukhruf, aya ta 67, ta gaya mana cewa a ranar ƙiyama masoya za su koma maƙiyan juna, in ban da masu tsoron Allah. Saboda haka in za ki sake yin ƙawa, ki duba wadda za ta tashe ki sallah, ki so ta daidai wa daida, kuma ki rage wani abu a cikinki wanda daga ke sai Ubangijinki.

Daga ƙarshe, ki kula da lafiyarki. In kin kai mako 2 ba barci, ba cin abinci, kuka ba dalili, ko aikin gida ya gagare ki, ko kina jin rayuwar ma ta ishe ki, to ki gaya wa maigida ko wata babba a kai ki asibitin unguwa ko Asibitin Nassarawa, a auna jininki, ki gaya wa likita abin da ke damunki ba ɓoye-ɓoye. Neman magani ba ya karo da tawakkali, balle ga mai ciki ko mai jego ko mai hawan jini.

Uwargida, wataƙila ku shirya ku fi da, wataƙila kuma iyakarku gaisuwa har ƙarshen rayuwa. Kowanne ya kasance, in dai kin riƙe sirrinta, kin biya bashinta, kin tsare harshenki, kin kuma yi sallama, to kin yi abin da Allah ya ɗora miki, sauran ki bar masa. Kafin Alhamis mai zuwa, ki duba ko akwai wadda ya kamata ki aika wa gaisuwa.

Allah ya wanke zukatanmu, ya haɗa mu da ƙawaye na gari, ya sa mu ma mu zama na gari ga wasu.